Alƙiblar zakaran ƙarfe

Da yayana ya rasu a birnin Lyon na Faransa, na zo daga Paris zaman makoki, aka ce in ja sallar la'asar a gidansa. Matasa suka ciro wayoyi neman alƙibla. Na ce su mayar aljihu, ai ni ba baƙo ba ne. A zuwana na baya na lura cewa inda bakin zakaran ƙarfe na saman majami'ar unguwar ya nuna, nan marigayi ke fuskanta in zai yi salla. Na leƙa taga, na daidaita sahu.

Da muka sallame, matar marigayin ta ce a hankali tana dariya, "Malam, zakaran nan fa iska ke juya shi." Dariyarta ta farko ke nan tun rasuwar. Muka sake sallar.

Har yau in abokansa sun kira ni, bayan gaisuwa sai su ce, "Liman, yau ina iska ta kai alƙibla?"