Farfesan Wuƙar Aljihu

Duk wanda ya wayi gari a layinmu ya duba hannunsa ya tarar yatsunsa sun cika, to ya gode wa Allah, sannan ya gode wa Farfesa. Shi ne bawan Allahn da ya sadaukar da rayuwarsa don kada wuƙar aljihu ta rufe a kan yatsan ɗan Adam. Ba wanda ya roƙe shi, ba wanda ya ɗora masa. Shi ya ga al'umma tana cikin hatsari, ya ɗauki nauyinta a kansa.

Farfesancin nasa ba a jami'a ya samo shi ba, jami'a ta yi masa kaɗan. A ɗakin ajiyar kaya na wani ofis ya samo shi, inda ya shafe shekaru yana yanke igiyar kwalaye da wata 'yar wuƙa mai ninkewa. Kullum sai ya tare abokan aikinsa ya yi musu lacca a kanta, har suka raɗa masa sunan suna dariya. Shi bai ji dariyar ba, sunan kawai ya ji. Da ya yi ritaya ya bar musu ofis, ya taho da sunan gida.

Daga nesa ake gane shi. Aljihunsa na dama ya rinjaya ƙasa saboda nauyin ilimi. Hannunsa na hagu kuwa, daga wuya zuwa gwiwar hannu, ba gashi ko ɗaya, domin a nan yake gwada kaifi. Wanzamin layin ya daɗe yana kallon hannun nan da hassada.

"Jama'a," haka yake farawa, ko da mutum ɗaya ne a gabansa. "Ku daina ruɗuwa da kaifi. Ko murfin gwangwani yana da kaifi. Darajar wuƙa a makullinta take. Ni na san abin da nake faɗa, ba a littafi na karanta ba."

Wannan gaskiya ne, bai karanta a ko'ina ba.

Makullin nan, ga wanda bai taɓa dacen zama kusa da Farfesa ba, wani siririn ƙarfe ne a cikin mariƙin wuƙa. Idan an buɗe ta sai ya yi ƙas, ya tokare ruwanta, ba za ta koma ba sai an danna shi gefe da babban yatsa. Iyakar zancen ke nan. Amma Farfesa yana iya jan sa tun daga hantsi har rana ta karkata, bai maimaita misali ba.

Yana da gwajinsa na musamman. Ya taɓa gani a waya wani mutum ya buɗe wuƙa, ya juya ta, ya ɗan ƙwanƙwasa bayanta a kan katako sau ɗaya don ya ga ko makullin zai saki. Farfesa ya girgiza kai, ya ce wannan lalaci ne. Shi idan ya kama wuƙa, dukanta yake da iya ƙarfinsa, ya sake, ya kuma, sai ta ba da haƙuri. Gefen teburin cin abincin gidansa shaida ne, duk ya zama ramuka kamar ɓera ya kwana yana gaigayarsa. Matarsa, mace mai son zaman lafiya, ba ta taɓa musa masa ba. Wuƙarta ta girki dai a cikin buhun shinkafa take kwana.

To, Farfesa yana da suruki, mijin 'yarsa ta fari. Mutum ne shiru-shiru, ya daɗe yana tsaron shagon wani yana tara abin da ya samu, har Allah ya nufa ya kama ɗan ƙaramin shago nasa a bakin titi. Niyyarsa ya zuba kwaɗo da ƙusoshi da ƙwan fitila da igiya, irin kayan da ba sa ruɓewa. Kuskurensa ɗaya, ya je gaishe da surukinsa ya ambaci maganar.

Farfesa ya gyara zama. Ya ce ƙusoshi sana'ar marasa hangen nesa ce. Ya ce gari cike yake da mutane masu yanke igiya da haƙori, masu ɓare lemo da farce, kuma ba wanda ya tausaya musu. Ya ce a zuba wuƙaƙen aljihu masu araha, a bar masa sauran. Suruki ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Da wannan "to" ɗin ya kwashi mafi yawan jarinsa ya sayo kwalayen wuƙa. Idan sun shiga, shago ya tsaya da ƙafarsa. Idan ba su shiga ba, zai koma tsaron shagon wani, ga matarsa da tsohon ciki.

A yi wa wuƙaƙen adalci, ba su da laifi. Na araha ne, ba sa alfahari. Suna yanke igiya, suna fere dankali, makullinsu yana riƙewa daidai aikin da aka yi su dominsa. Da an bar su, da sun yi zamansu lafiya a aljihun talakawa.

Ana gobe buɗe shago, da sassafe, sai ga Farfesa da tabarau a karan hanci da jakar kayan gwaji a hammata. Ya tsaya a tsakiyar shagon ya sanar cewa ba wuƙar da za ta fita daga ƙofar nan sai ta bi ta hannunsa, domin sunansa ne a kai.

Suruki ya sosa ƙeya. "Baba, da an gwada ɗaya ko biyu, ai ina ga sauran duk irinsu ɗaya ne."

"Ɗana, wadda ba a gwada ba ita za ta ci yatsan mutum. Kai kana ganin kaya, ni ina ganin rayuka."

Ya nemi kujera, ba a kawo kujeru ba tukuna. Sai ya jawo kwali ɗaya daga cikin na wuƙaƙen ya zauna a kai, ya sa aka jere masa sauran a gabansa, ya naɗe hannun riga.

Abin da ya biyo baya, telan da ke maƙwabtaka ya ɗauka kafinta ne bai gama aiki ba, har ya leƙo ya roƙi a duba masa ƙafar benci. Farfesa zai zaro wuƙa daga ledarta, ya buɗe, ya juya, ya dinga narka bayanta a gefen kantar shagon. Idan ruwan ya fara rawa a cikin mariƙi sai ya gyaɗa kai ya ce ta saki jiki. Daga nan a shiga gwajin yanka. Takarda ta 'yan koyo ce, shi da kwali yake farawa, ya wuce igiya, ya wuce wayar lantarki, ya ƙare da kankare wata tsohuwar ƙusa da ya zo da ita daga gida. Wuƙar da ta ga wannan duka, idan aka mayar da ita kan takarda sai ta dinga jan ta kamar mai roƙo. Farfesa ya ce wannan shi ake kira nutsuwa, wuƙa mai rawar kai ita ce hatsari.

Duk wadda ta ci jarrabawa sai ya ɗiga mata jan farce a mariƙi, wanda ya karɓa daga jakar 'yarsa. Dukkansu suka ci. Farfesa malami ne mai tausayin ɗalibai.

'Yar tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abincin da ta kawo, hannu ɗaya dafe da baya. Kowane duka sai ta runtse ido. Ta jawo mijinta gefe.

"Ka yi masa magana mana."

"Babanki ne."

"Shagonka ne."

Suka tsaya suna kallon juna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yi jarumta. A ciki kuwa dukan bai tsaya ba, sai da rana ta yi sanyi, Farfesa ya miƙe yana dafa ƙugu ya ce yau ya yi wa al'umma aiki. Suruki ya yi masa godiya. Wallahi ya yi masa godiya, har da rusunawa.

Washegari aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofar shago. Tela ya zo, wanzami ya zo, ga mai gyaran babur, ga wani direban babbar mota da ya tsaya sayen igiya ya tarar da taro. Mata suka tsaya daga gefe, matar Farfesa a cikinsu tana kallon ƙasa kamar wadda ta san abin da ke tafe. Tela ya miƙo almakashi don yanke ƙyallen. Farfesa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce a shagon wuƙa a yanka ƙyalle da almakashi, ai wannan zagi ne.

"Jama'a, ku dubi wannan jan ɗigon. Duk inda kuka gan shi, ku sani ido ya gani, hannu ya taɓa, ƙwaƙwalwa ta amince. Ƙwaƙwalwar wa? Ba sai na faɗa ba. Ni ba na son yabo."

Ya ɗan dakata don a yi yabon. Mai gyaran babur ya tafa sau biyu, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da hannu aljihu.

Farfesa ya buɗe wuƙa ya ɗora a kan ƙyalle ya ja. Ƙyallen ya bi wuƙar, ya dawo. Ya sake ja, ƙyallen ya yi miƙa. Ya shiga gurzawa gaba da baya kamar mai zarto, gumi yana taruwa a kan tabarau, ƙyalle ko gezau. Ya ce an haɗa ƙyallen da roba, masaƙun yanzu ba su da tsoron Allah. Ya karɓi wata wuƙar, ita ma mai jan ɗigo. Ya karɓi wata. Tela, wanda shi ya ba da ƙyallen, ya fara juya almakashinsa a hankali yadda kowa zai gani.

Babban mutum ba ya rasa mafita. Farfesa ya ɗaga hannu ya ce ai tun farko ya gaya musu kaifi ba shi ne magana ba, yanzu za su ga makulli. Ya damƙe mariƙin, yatsunsa a daidai ramin da ruwan wuƙa yake komawa, ya juya ta, ya kai wa ƙarfen ƙofa duka.

Makullin da ya sha wuya jiya bai ko yi gardama ba. Ruwan wuƙar ya ninko ya faɗa kan yatsunsa. 'Yarsa ta yi salati, mata suka rufe ido. Aka yi tsit ana jiran jini.

Jinin bai zo ba. Farfesa ya ɓamɓare wuƙar, ga yatsu lafiya lau, sai wani ɗan farin layi kamar na matsattsen zobe. Ya dube su, ya dubi jama'a, launin fuskarsa ya fara dawowa.

"Kun gani ko? Tsaro hawa biyu. Ko ta rufe, ba ta cutarwa."

Wanzami ya ce a hankali, wato ba ta kullewa kuma ba ta yanka, Allah ya sa albarka. Dariyar ta faro daga baya ta gangaro gaba. Suruki kaɗai bai yi ba. Yana tsaye a bayan ƙyallen da ya ƙi yankuwa, yana kallon kwalayen da jarinsa ke ciki, yana kallon mutane sun fara gyara tsayuwar tafiya. Matarsa ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi.

Farfesa dai ya yi kamar bai ji dariyar ba. Ya ce a ba shi wurin zama. Suruki ya sunkuya ta ƙarƙashin ƙyallen ya jawo masa kwalin jiya. Kwalin ya riga ya yini ɗauke da nauyin ilimi, gindinsa ya saki, wuƙaƙe suka zube a ƙasa, kowacce a cikin ledarta, ba ɗigo ba alama. Farfesa ya manta da su sarai, domin mutum ba ya ganin abin da yake zaune a kai.

Direban babbar mota ya tsinci ɗaya don ya taya kwashewa. Ya yage ledar, ya buɗe, ta yi ƙas. Ya taɓa ƙyallen da ita kamar mai wasa, ƙyallen ya rabu biyu ya faɗi.

"Kada kowa ya taɓa waɗannan," in ji Farfesa, muryarsa tana sama. "Ba a gwada su ba."

"To a ba ni biyu cikin waɗanda ba a gwada ba," in ji direba.

Kafin azahar kwalin ya ƙare. Bai mayar wa suruki da duk abin da ya tafi ba, amma ya isa ya sayo wani, wanin kuma ya sayo wani, shagon bai rufe ba. Masu jan ɗigon kuwa, 'yar ce ta kwashe su a buhu ta kai gidan ubanta, ta ce kyauta ce don ci gaban bincike. Farfesa ya karɓa da hannu biyu, ya ce ashe dai a cikin 'ya'yansa akwai mai gane daraja. Teburin cin abinci ne ya ɗauki sauran asarar.

Yanzu kullum yana ƙofar shagon. Mai saye zai shigo ya rage murya ya ce, "Wannan Farfesa ya gwada ta?" Idan aka ce a'a, sai ya sa hannu a aljihu. Farfesa yana jin sunansa yana tashi daga ciki, ya lumshe ido. Ya gaya wa matarsa cewa ba wuƙar da ake sayarwa a layin nan sai an ambace shi. Ta ce gaskiya ne, Baban yara, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Suruki ma ya koyi darasi. Duk ranar da sabon kaya ya iso, kafin Farfesa ya gama goge tabarau, an turo kwalin bayansa cikin ladabi: "Baba, ga wurin zama." Sai ya zauna da nauyinsa duka, ya buɗe lacca, ba ya tashi sai yamma.

Ya daɗe yana cewa da ƙwaƙwalwarsa zai kare wuƙaƙen garin nan. Ashe da mazaunansa aka rubuta zai yi aikin.