Na Ɗaya Ya Fi Labari

A majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi, in dai maganar fim ce, ni ne alƙali. Da gardama ta tashi kan wani fim ɗin leƙen asiri mai kashi biyu, sai na je shagon tura fina-finai a Tarauni, aka zuba min duka biyun a waya, fassarar Hausa.

Bayan la'asar na gyara zama na yanke hukunci. Na ce, "Na ɗaya ya fi labari da hankali. Na biyu surutu ya yi masa yawa, amma faɗansa ya fi zafi. Kuma daraktan rago ne, har fashewar jirgin ƙasan nan ya maimaita."

Abokina Bala ya ce, "Wane jirgi? Ai babu jirgi a na biyu."

Na ce, "Malam, ka koma ka kalla da idon basira."

Ya karɓi wayata ya kunna su ɗaya bayan ɗaya. Ashe fim ɗaya ne, masu fassara biyu suka ɗora masa murya, ɗaya mai nutsuwa, ɗaya ɗan barkwanci. Alhaji Sabo, wanda ya fi kowa gyaɗa kai ina jawabi, shi ya fara faɗowa daga benci don dariya.

Har yau in na zauna, sai mai shayi ya zuba min kofi biyu daga buta ɗaya, ya ce, "Alƙali, wanne ya fi labari?"