Ranar da Duba-gari Ya Duba Littafin Matarsa

Ku da ba ku je zaman Asabar ɗin nan ba kun yi asara, kuma ni ba zan tausaya muku ba. Ku gyara zama in ba ku labari, amma kada wadda ta katse ni. Saboda Hansatu da ba 'yar ƙungiya ba ce, bari in faro daga tushe.

Muna da ƙungiya a nan Haɗeja ta masu karanta littattafan soyayyar aljanu, irin waɗanda yariman aljanu zai bar 'yan matan jinsinsa kaf ya zo ya nace wa 'yar mutane. Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a wani ajin firamare da aka ara mana. Ƙa'idarmu ita ce, duk wanda ya rubuta sabon littafi, kafin a saka shi a zauren waya da sunan ƙungiya, sai an ɗora shi a kujera a gaban aji, mai sharhi ya tashi ya feɗe littafin a kan idonsa. Marubuci ba ya cewa uffan har a gama, ko da zagin kakarsa aka yi. In an gama sai a ba shi damar magana, sau ɗaya tak. Mai sharhi ya ce "ya wuce", shi ke nan an saka. Ya ce "a koma", littafi ba zai fita da sunanmu ba.

Mai sharhin namu kuwa Malam Ɗayyabu ne, tsohon duba-gari da ya yi ritaya. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana leƙa randunan mutane da kwatocinsu, sai ga shi Allah ya jarrabe mu ya kamu da son karatun aljanu. Kuma kada ku ɗauka soyayyar ce take kai shi. Mu muna karantawa muna share hawaye, shi yana karantawa yana neman inda ruwa ya kwanta.

Ni kaina ya taɓa kashe min littafi, har gobe ban yafe ba. Aljanina ya ɗauki yarinya ya kai ta fadarsa ta lu'ulu'u a ƙarƙashin teku, wurin da ni da na rubuta ma sai da tsigar jikina ta tashi. Bawan Allah nan ya miƙe ya gyara tabarau ya ce, "Fada a ƙarƙashin teku. To, ruwan wanke-wanke ta ina yake fita?" A kan wannan aka ce in koma. Wata kuma ya tambaye ta wane ne waliyyin aljanin da ya karɓa masa aure, tunda ta ce danginsa duk sun hallaka a yaƙi. Wata ya ce mata aljanin da ya shekara dubu a duniya amma kullum yana tsaye a ƙofar islamiyya yana jiran budurwa, wannan ba masoyi ba ne, marar aikin yi ne. Kuma duk ba ya faɗa da fushi. A sanyaye yake yi, fuskar nan kamar mai karanta sanarwar rasuwa.

To, sai ga matarsa Furera ta rubuta littafi.

Kun dai san Furera, ba ta da hayaniya, ko a zama daga can baya take zaunawa. Ashe ta daɗe tana rubutu a waya, tsakanin girki da wanki, har babban yatsanta ya fara ciwo. Sunan littafin Baƙon Tsohuwar Rijiya. Ni ta fara turo wa, na karanta na kira ta na ce, "Ke Furera, dama haka kike?" Sai ta ce min ita dai ta yanke shawara, in aka ce "a koma", goge shi za ta yi gaba ɗaya, kuma ita da rubutu har abada. Na san ta, ba ta faɗin abu don a lallashe ta. Ga shi wallahi littafin ya fi nawa, kuma ba kowa nake faɗa wa haka ba.

Shugabarmu Anti Ladidi ta so ta kawo gyara. Ta ce tunda abin na gida ne, a ba wani ya yi sharhin. Malam Ɗayyabu ya ce ina, shi aikinsa ba sani ba sabo, lokacin da yake bakin aiki har a gidan yayarsa ya taɓa sa aka fasa randa. Aka juya wajen Furera. Ta ce a bar shi ya yi.

Ranar Asabar aji ya cika maƙil, har da waɗanda rabonsu da zama tun kafin azumi. Furera ta hau kujera ta naɗe hannu a cikin mayafi. Malam Ɗayyabu ya fito gaba, ya ciro hankici ya kaɗe teburin, ya ajiye takardunsa, ya daidaita gefensu, sannan ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Marubuciya ta kawo mana labarin wata mata mai suna Asabe, da wani aljani mai suna Kamzar da ke zaune a tsohuwar rijiyar gidan aurenta. Zan fara da aljanin. Jama'a, tunda nake karatu ban taɓa haɗuwa da aljani mai kan gado irin wannan ba."

Muka kalli juna. Malam Ɗayyabu ne yake yabo?

Ya ce, "Na farko, rijiyar tana da murfi. Wannan ya nuna marubuciya ta san abin da take yi. Na biyu, aljanin yana da sana'a, an faɗa mana shi ke kula da idon ruwan unguwar. Na uku, ya san matar aure ce, bai taɓa ƙetare bakin rijiya ba, bai taɓa faɗa mata kalmar da ba ta dace ba. Iyakarsa in ta zo ɗiban ruwa ya sauƙaƙa mata guga, ta yi ta ba shi labari yana saurare har ta kai aya. Son da yake mata a cikinsa ya bar shi. Wurin da ya ce mata ya gwammace ya ƙafe tare da rijiyar da ya ga ta zubar da hawaye a cikinta, ba zan ɓoye muku ba, sai da na cire tabarau na goge. Wannan aljani, in aka ce min yana nan a Haɗeja, zan yarda."

Anti Ladidi har ta fara murmushi. Ni kuwa na ƙi sakin jiki, don na san mutumina, in ya yaba randa to kwata zai nufa.

Ai kuwa sai ya juya takarda ya ce, "Matsalar littafin nan ɗaya ce, amma babba ce. Mijin Asabe, Malam Ilu. Wannan mutum ƙarya ne."

Ya gyara tabarau ya ci gaba.

"An ce in ya dawo gida, kafin ya amsa sannu da zuwa sai ya wuce madafa ya buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya. Wane namiji ne zai yi haka? An ce yana bin taga da yatsa ya ɗago ya duba ko akwai ƙura."

Yana faɗin haka, wallahi tallahi, ya goga yatsa a gefen allo ya ɗago ya duba, ya murtuke fuska, ya share a hankici. Wata da ke kusa da ni ta cusa bakin mayafi a baki.

Ya ci gaba. "An ce tunda aka yi auren bai taɓa cewa abinci ya yi daɗi ba. In ta yi dambun da unguwa ta ɗauka da ƙamshi, sai ya cinye tas ya ce, ba laifi. An ce in ta fara ba shi labari, kafin ta kai tsakiya sai ya ce mata, to, a taƙaice dai. An ce ranar da ta haihu, ya shigo ɗakin asibiti, kafin ya kalli jariri sai da ya kira ma'aikaciya ya nuna mata yanar gizo a saman ƙofa. Haba jama'a! Ko a tatsuniya ai a bar wa mutum ɗan mutunci."

Anti Ladidi ta ce, "Malam, ni a ganina ai shi rubutu, wani lokaci marubuci yakan ɗauko abin da yake..."

Ya ɗaga mata hannu ya ce, "Hajiya, a taƙaice dai."

Nan wani daga bayan aji ya fita da gudu yana tari. Anti Ladidi ta sunkuyar da kai tana ta gyara ɗaurin ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Ni dai cizon leɓe na yi har na ji zafi. Furera kuwa ko gezau, idonta na kan siminti.

Shi bai ma lura ba. Ya ce, "Ga inda abin ya fi ba ni haushi. Asabe ta tura masa saƙo a waya, ta ce ta yi kewarsa, yau ya dawo da wuri. Sai ya maido mata da saƙon, wai ta gyara, ta haɗe kalmomi biyu da ya kamata a raba. Wannan cin zarafin maza ne. Kuma tunda muna wurin, marubuciya, a shafin ma kin sake haɗe su, na ja miki layi."

Wani dattijo da ke zuwa zamanmu, Baba Maikano, ya ce, "Malam Ɗayyabu, ni fa sai nake ga kamar na san mutumin nan."

Ya ce, "Ba ka san shi ba, Baba, don babu shi. Ni na yi aikin duba-gari, ba gidan da ban shiga ba a garin nan, daga na mai kuɗi har na talaka. Na ga mashayi, na ga marowaci, na ga mai faɗa. Amma mutum mai ƙosar da rai irin Malam Ilu, wanda aljanin rijiya ya fi shi daɗin zama, ban taɓa gani ba. Kuma a ce wai matar ta zauna da shi shekara da shekaru, tana yi masa girki, tana wanke masa hula, har tana jin tausayinsa in ya yi mura? Hankali ba zai ɗauka ba. Mai karatu zai yarda da aljani in an gina shi da kyau. Amma ba zai yarda da mutumin da babu irinsa ba."

Ya tattara takardunsa ya sake daidaita gefensu. Na ga bakinsa ya ɗauko "a koma". Na dubi Furera, na ga ta zaro wayar daga cikin mayafi ta riƙe a cinya. Na ce a raina, shi ke nan, wannan mutumin zai kashe littafi mai kyau saboda taurin kai, ya koma gida kuma a zuba masa tuwo.

Anti Ladidi ta yi ta maza ta ce, "Malam, kafin ka yanke, ka tabbata wannan ne kaɗai laifin littafin?"

Ya ce, "Shi kaɗai ne. Sauran ba laifi. Kuma don kada a ce na yi zalunci, ga sharaɗi a gaban kowa. In marubuciya za ta faɗa min inda ta samo wannan miji, ta tabbatar min ana samun irinsa a doron ƙasa, na janye, littafi ya wuce. In kuwa daga kanta ta ƙago shi, a koma."

Anti Ladidi ta ce, "Kowa ya ji. Furera, dama taki ce, magana ɗaya."

Malam Ɗayyabu ya harɗe hannu ya juyo ya fuskance ta. "Bismillah, marubuciya. A ina kika samo shi? A taƙaice dai."

Furera ta mayar da wayar cikin mayafi. Ta ɗan rusuna daga zaune, yadda ta saba in za ta yi masa magana, murya ƙasa-ƙasa, ta ce:

"Malam, ai aljanin ne na sha wahalar ƙagowa. Shi mijin, tuwo kawai nake ajiye masa, in koma gefe in rubuta."