Inda Zakaran Walida Ya Tafi

Abokina Hambali ɗan manomi ne, jikan manomi, amma rabonsa da riƙe fartanya tun yana aji uku a sakandare. Yanzu a Kaduna yake aiki, yana zaune a bene hawa na biyu, gidan da ko ƙurar da za a yi taimama babu sai an sauko ƙasa. 'Yarsa ɗaya, Walida, shekararta biyar. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta da komai sai "Mamana". Wata rana malamarsu ta tambayi 'yan aji daga ina ake samun madara, Walida ta ɗaga hannu ta ce daga gwangwani. Shinkafa fa? Daga buhu. Ƙwai fa? Daga wurin mai shayin ƙofar gidansu. Da malamar ta ba Hambali labari a bakin makaranta ya yi dariya har da riƙe ciki, amma yana shiga mota abin ya fara damunsa. Nan take ya yanke shawarar idan an yi dogon hutu zai kai yarinyar wurin Inna, mahaifiyarsa, can ƙauyensu a bayan Malumfashi, ta ga yadda abinci yake fitowa daga ƙasa.

Sai dai fa da sharaɗi. Shi Hambali ba ya iya kallon jini. Ranar layya, da zarar mahauci ya fara wasa wuƙa, sai ya tuna ba a sayo ƙanƙara ba, ya ɗauki Walida su fita, ba za su dawo ba sai an wanke tsakar gida tas. Akwai lokacin da tantabarar yarinyar ta mutu a keji, kafin a taso daga makaranta ya zagaye kasuwa ya nemo mai kama da ita ya saka. Walida ta dawo ta leƙa, ta ce, "Baba, tantabarata ta yi ƙiba yau." Ya ce ai cin da take yi ne.

To da ya kai ta ƙauye, sai ya sauke katan na ruwan roba da gidan sauro da maganin zazzaɓi, ya durƙusa gaban Inna ya fara jero bayani.

"Inna, a nuna mata shuka, a nuna mata lambu, duk wannan ina so. Amma don Allah kada a yanka komai a gabanta. Kuma ko wani abu ya mutu, kada a faɗa mata. Yaran yanzu abin yana taɓa musu ƙwaƙwalwa."

Inna ba ta faɗin sunansa, da yake ɗan fari ne. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai wannan, kai da aka yanka komai a gabanka, me ya taɓa taka?"

Ya ce, "Ai shi ne har yau ba na iya kallo."

Ta ce, "To, na ji. Allah ya kiyaye hanya."

Mako uku Walida ta yi a can, kuma kusan kullum sai Hambali ya shigo majalisarmu bayan la'asar da sabon rahoton da ya samu a waya. Inna tana da ɗan lambu a bayan ɗakinta: kuɓewa, yakuwa, alayyafo, da tumatir da ya hau kan kara. Ta ba yarinyar wani fasasshen kasko da wake ƙwaya biyar ta ce ta shuka. Walida ta shuka, amma kullum da safe sai ta tone ta duba ko sun farka. Sai da Inna ta yi mata rantsuwa cewa wake ba ya tsiro idan ana leƙa shi, sannan ta haƙura. Ranar da ya fito da kai kuwa, har maƙwabta sai da aka kira su zo su gani.

Ran da Walida ta ga Inna tana watsa kashin awaki a gindin tumatir, sai ta kira uban a waya tana haki, ta ce, "Baba, kada ka ƙara cin miya!" Ran da ta tsaya ta ga ta inda ƙwai yake fitowa, kwana biyu ta yi ba ta ci ba. A na uku Inna ta soya shi da man shanu da albasa, ta zauna tana ci ita kaɗai. Yarinya ta matso a hankali ta ce, "Inna, an dai wanke shi ko?"

Rahoto ɗaya ne ya ɓata wa Hambali rai. Wani ɗan tsako ya faɗa cikin kwatarniyar ruwa ya mutu, Walida ce ma ta fara ganinsa. Inna ba ta ɓoye ba. Ta ɗora mata shi a tafin hannu ta ce, "Kin ji ya yi sanyi? Ya mutu ke nan. Ba zai ƙara ci ba, ba zai ƙara gudu ba." Yarinyar ta yi kuka sosai, suka tona rami a gindin gwanda suka binne shi. Washegari ta ɗauko buta za ta ba shi ruwa, Inna ta ce, "A'a, takwara, wannan ba irin wake ba ne. Shi ba ya tsirowa." Sai Walida ta juye ruwan a kan wakenta.

Hambali ya ce mana, "Kun ji ko? Abin da na hana ke nan! Yanzu yarinyar nan Allah kaɗai ya san abin da ke cikin ranta."

Amma wanda ya fi shiga rahoto shi ne wani ƙaton zakara ja da Inna take da shi. Saboda zankonsa Walida ta sa masa suna Mai Jar Hula. Ita ke watsa masa dawa, shi kuma yana bin ta duk inda ta nufa. Wani lokaci su yi faɗa, don ya taɓa tsattsage mata ganyen wake har sai da aka kewaye kaskon da ƙaya, amma kafin yamma sun shirya. Duk wayar da za a yi sai an kara wa Mai Jar Hula ya gaisa da Baba.

Da hutu ya zo ƙarewa, Hambali ya ce in raka shi mu ɗauko ta. Muka isa ranar Asabar da hantsi. Walida ta fito da gudu, ta yi baƙi ta yi ɓulɓul, ƙafa duk taɓo, ta ja mu har bayan ɗaki ta nuna mana wakenta. Inna ta yi mini maraba kamar ta san ni shekara goma, ta ce ai baƙon da ya taso tun daga Kaduna ba a sallamarsa da fura kaɗai. Ni ban kawo komai a raina ba. Muka sha furar, muka fita gaishe-gaishen dangi, daga can muka wuce masallaci.

Abin da ya faru a bayanmu, sai daga baya Inna ta ba ni labari. Muna fita ta zaunar da yarinyar ta ce mata, "Takwara, mun yi baƙo, kuma Mai Jar Hula za a yanka masa. Don haka ake kiwon kaji tun farko. Mun ba shi ya ci, yau shi zai ba mu." Walida ta ɓata fuska, hawaye suka taru. Ta tambaya ko zai ji zafi. Inna ta ce kaɗan, shi ya sa ake wasa wuƙa sosai, a ba shi ruwa ya sha, a ambaci sunan Allah, a yi maza. Ta tambaya ko ba za a yanka waccan baƙar kazar mai tsattsagar mutane ba a madadinsa. Inna ta ce ai kazar kwancin ƙwai take yi. Yarinya ta tafi ta zauna a bakin rumbu ita da zakaranta na ɗan lokaci, ta ba shi dawa cike da hannu, sannan da kanta ta je ta kira Baffa Iro, ƙanin kakanta. Ba ta kalli yankan ba, ta juya baya ta toshe kunne. Amma da aka zo fiɗa ita ta riƙa zuba ruwa, har tana tambayar sunan komai: wannan ce hanta, wannan ce ƙundu, ga ma dawar ɗazu a ciki. Ta tsinci gashin jela guda uku ta soke a kallabinta.

Mu duk ba mu san wannan ba. Muka dawo bayan azahar aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar darbejiya, aka kawo tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, ga kuma wani kwano daban an rufe da faifai. Na buɗe, ƙamshi ya bugi hancina. Na yi bismilla na kai hannu. Shi kuwa Hambali sai idonsa ya faɗa kan wani tulin jan gashi a gindin katanga. Ya dubi gashin, ya dubi kwanon, ya miƙe zumbur ya nufi madafa. Ina jiyo su.

"Inna, ba dai zakaran yarinyar nan ba?"

"Zakarana dai."

"Haba Inna! Duk kajin gidan nan? Yanzu me za a ce mata?"

"Ai ita ma..."

"A'a, Inna, don Allah kada ki ce mata komai. Ki bar ni da ita, ni na san yadda ake lallaɓa yaran yanzu."

Inna ta ce, "To, ɗan boko. Je ka lallaɓa."

Ya dawo yana gumi, ya tura gashin bayan turmi da ƙafa, ya zauna ya raɗa mini, "Duk abin da na faɗa, ka ce haka ne." Na ɗaga kai kawai, don bakina a cike yake.

Can sai ga Walida da ɗan kwanonta, ta zo ta zauna a gefen ubanta ta tanƙwashe ƙafa. Ta nuna miya ta ce, "Baba, kuɓewar nan ni na tsinko. Tana da ƙaiƙayi." Ya ce madalla da Mamana. Ta sa hannu a kwanonta ta ɗauko nama ta fara ci hankali kwance. Shi ko loma ɗaya bai kai ba. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya sassauta murya kamar mai zuwa gaisuwar rasuwa.

"Mamana, kin lura ba ki ga Mai Jar Hula ba tun ɗazu ko?"

Ta ɗago ta dube shi, tana tauna.

"To, kada ki damu. Tafiya ya yi. Ya je Funtuwa gaishe da 'yan'uwansa, zai ɗan daɗe a can."

Ta ce, "Funtuwa?"

"Funtuwa. Akwai dawa da yawa a can, zai ji daɗi."

"A mota ya tafi?"

Hambali ya ga babu direban da zai ɗauki zakara ba mai shi. Ya ce, "A'a, a ƙasa ya tafi. Kin san shi da sauri." Ya zungure ni da gwiwar hannu. "Ko ba mu gamu da shi a hanya ba?"

Na haɗiye abin da ke bakina da ƙyar na ce, "Ƙwarai kuwa. Har ya wuce gada, yana ta zuba sauri."

Walida ta dubi ubanta, ta dube ni, ta dubi abin da ke hannunta. Sannan ta ce:

"To da wace ƙafar, Baba? Ga ɗaya a hannuna, ɗayar kuma abokinka ya kusa gamawa da ita."