Yadda Manyan Ƙasashen Duniya Suka Cinye Mini Shanu

Jiya da hantsi na hau kekena daga Roni na nufi Kazaure, galan ɗaure a baya, domin an ce duk mai son tarakta ta yi masa huɗa ya kawo man gas ɗinsa. Na sha rana a layin gidan mai har la'asar. Ina isa bakin famfo, mai sayarwa ya rataye tiyo ya ce mai ya ƙare, a ƙasar da ake haƙo shi fa. Na juyo da galan wayam. A hanya na tuna ko da na samu, taraktar ba ta taɓa tayar da kunya ko ɗaya a gona ba, sai na ji sanyi a raina.

Jama'a, bari ku ji labarin taraktar nan. Kun dai ji a rediyo manyan ƙasashe biyu, ta Gabas da ta Yamma, ba sa ga-maciji, kowacce kuma so take mu zama nata. Shi kuwa shugabanmu, Mai Girma Uban Ci-gaba, ransa ya daɗe, mutum ne mai hangen nesa. Ya ce mu 'yan ba-ruwanmu ne, ba ma bayan kowa. Saboda haka ya karɓo mana tarakta daga Gabas, garma daga Yamma, don kada wani ya ji haushi.

Ranar miƙa kaya tawaga biyu suka zo, suka ƙi zama a rumfa ɗaya, aka kafa biyu. Mu kuma a garin nan baƙon nesa ba ya tafiya ba a yanka masa ba. Aka duba, aka ga shanun huɗata biyu a turke, ƙosassu, sai sheƙi suke yi. Ɗan aiken Mai Girma ya yi sallama.

"Malam, me za ka yi da shanu a zamanin tarakta? Ai yau ranar kishin ƙasa ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to a ɗauki guda mana, a raba naman."

Ya zaro ido. "A raba? Mutanen da ba sa haɗa inuwa za su haɗa sa? Ko so kake a ba wancan sa, wannan rago, yaƙin duniya ya tashi daga Roni?"

Ni wa, in jawo wa duniya bala'i? Da hannuna na kwance na biyun. Baƙi suka ɗan tsakuri tsoka, 'yan rakiya suka yi gaba da cinyoyi, ni aka aiko mini da ƙafafu.

Da ƙura ta lafa aka jawo tarakta baya-baya za a ɗaura mata garma, sai rami ya ƙi haɗuwa da rami. Ashe kowace ƙasa da gangan take ƙera kayanta don kada su shiga na abokiyar gaba. Akwai wani ƙarfe da ke haɗa su, amma Yamma ta hana sayar da duk abin da zai taɓa injin Gabas. Gabas ta ce a jefar da garmar a sayi tata. Mai Girma ya fusata, ya yi jawabi mai ratsa jiki, ya ce ba za mu roƙi ƙarfen kowa ba sai an san darajarmu. Muka yi tafi. Wallahi har da ni, don jawabin ya yi daɗi.

To, ga damina ta zauna. Maƙwabcina Haladu ya gama huɗa, gyaɗarsa har ta fito. Shanunsa ramammu ne, ranar biki ko kallonsu ba a yi ba. Na je aro.

Ya ce, "Malam, ba hana ka zan yi ba. Sai dai ƙanina na jira, surukina na jira. Ka shiga layi."

Na ce, "Haba, nan ma layi?"

"Kai da ka ciyar da Gabas da Yamma, ai ba ka rasa masu ara maka ba."

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Gyaɗar da muke nomawa ita ce suturarmu, ita ce cefanenmu na shekara. Maiɗakina Tasalla ta ɓare iri tun tuni, ta ce, "Malam, in kasuwa mai zuwa ta ci ba a shuka ba, soya shi zan yi in yi ƙuli-ƙuli, kafin ƙwari su riga mu." Shi ya sa yau na ɗauko garmar hannu ta kakana na shiga gona, ina huɗa ina hango tarakta a gindin tsamiya, kaji na ƙwai a kujerar direba, garmarta can gefe ta juya mata baya.

Af, na kusa mantawa. Rediyo ta ce wata ƙasa ta uku, wadda ke fushi da waɗancan biyun, za ta turo tawaga ta kawo mana injin ban-ruwa. Tasalla na jin haka ta ja akuyarta ta kai garin Gwiwa wajen Innarta. In ɗan aiken Mai Girma ya yi sallama, ni kaɗai zai tarar a gindin turke, kuma alhamdulillahi, na rame.