Nomau Ya Je Goyon Baya

A Rugar Tsamiya akwai wani mutum, Nomau, wanda duk abin da aka faɗa masa yadda ya shiga kunnensa haka yake aikata shi. Yana zaune da tsohuwarsa, Inna Tabawa. Ƙanensa Sallau kuwa ya tafi birni ya zama ɗan ƙwallon ƙungiyar Zakunan Gulbi, tun daga nan ko gaisuwa bai ƙara aikowa ba. Nomau ba ya da buri sai ya ga ƙanen nan yana wasa, ya kuma ji ya kira shi Yaya a gaban mutane.

Wata rana rediyo ta yabi Sallau mai tsaron gida. Nomau ya ruga ya ce, "Inna, Sallau ya sami aikin gadi!" Ya ɗaure masa gora da tocila. Inna ta ce, "Kai masa. Ka tambaye shi ko ya tuna akwai inda ya baro."

Da ya je birni ya isa ƙofar filin wasa, aka ce masa, "Malam, je ka yanki tikiti." Ya saya, ya zaro reza ya raba shi biyu. Mai duba tikiti ya tara jama'a suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ƙwace gorar ya tura shi ciki da ƙeya. Mutanen birni ba sa raina abin dariya in na banza ne.

Yana shiga ya hango Sallau a bakin fili, ya ƙwala masa kira. Sallau ya matso fuska a murtuke, ya ce wa abokansa, "Wani ɗan garinmu ne." Ya rage murya ya ce wa Nomau, "Ka ɓace mini da gani." Nomau ya laɓe bayan ginshiƙi, ya riƙa leƙen wasan da ido ɗaya. Ya ji zafi, don wauta ba ta hana zuciya ciwo.

Aka zura wa Sallau ƙwallo, aka ƙara. Da ya yi tsalle don tare ta ƙarshe, ƙafarsa ta karye. Bakin da ya yabe shi da safe shi ya koma zaginsa, ana cewa ya sayar da wasa. Duwatsu suka fara sauka, 'yan wasa da masu magani suka tsere ɗaki, aka bar shi kwance. Wani dattijo kusa da Nomau ya girgiza kai ya ce, "Kaico! Duk taron nan ba mai goya masa baya?"

Nomau ya ce, "Au, goyo ake jira?" Ya tsallake shinge, ya cire rawaninsa, ya ɗora Sallau a baya ya ɗaure tam. Dutse ya fasa masa goshi, bai tsaya ba. Ganin ƙato goye da ƙato, jini na zuba, sai hannuwa suka yi sanyi, aka buɗe musu hanya.

A bakin ƙofa ɗan sanda ya tare su ya ce, "Kai, wane ne wannan da ya ɗauko ka?"

Sallau ya kifa fuska a wuyan Nomau yana kuka, ya ce, "Yayana ne."

Sai da ƙafa ta karye bakin ya iya faɗa.