Ranar Da Na Yi Bankwana Da Duniya A Banɗakin Baba Len

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar takalman nan a bakin ƙofa ba. Ina kicin ina haɗa wa Baba Len shayi, wato tsohon Baturen da nake kula da shi a unguwar Plumstead, a ƙasar Turawa, sai na ji an turo ƙofa. Na leƙa. Ƙarti uku, kai a aske ƙwal, kowa ya yafa tutar ƙasarsu, fara mai jan kuros. Daga zanga-zangar ƙin jinin baƙi suke. Ni kuwa ga ni da hijabi har gwiwa, da cokali a hannu.

Babban cikinsu Gary ne, ɗan Baba Len, amma a hoto kawai na san shi. (A hoton ma yana da gashi.) Suka zube a falo suna hira kamar masu faɗa. Ɗaya ya ce gwamnati ta toshe iyaka, ko kwalekwalen 'yan ci-rani guda kada ya sake ƙetarowa. Ɗayan ya ce 'yarsa ta gaji da jiran gidan council, wato gidan haya mai rahusa na hukuma, alhali an cika otal-otal da baƙi. Gary ya daki tebur ya ce, "Tsohon nan ya yi wa ƙasar nan bauta har bayansa ya lanƙwashe, yau ganin likita ya gagare shi. A tattara su duka a mayar da su inda suka fito!"

Duka fa ya ce. Ni da bizar aiki ce kaɗai ta riƙe ni a ƙasar.

Ƙofar fita tana bayansu. Sai na sulale na faɗa banɗakin ƙasa, na murza makulli. Na zauna a kan murfin masai, na tuna abin da aka koya mana tun muna yara, kada mutum ya bar duniya da haƙƙin wani a wuyansa. Na danna voice note a group ɗin danginmu, ina raɗa: "Umma, Gwaggo, 'yan uwa, ku yafe ni. In ba mu sake ganawa ba, sai a Darussalam." (Group ɗin nan har surukan yayata na Zariya suna ciki.)

Na daɗe a ciki, sai aka ƙwanƙwasa. Na yi kalmar shahada. Aka sake bugawa, wannan karon har ƙofar ta girgiza. Na zaro burushin wanke masai na riƙe hannu bibbiyu kamar takobi.

"Yarinya, lafiya kuwa?" Muryar Gary ce. "Baba ne ya matsu, kuma ba ya iya hawa bene."

Na buɗe. Ga Baba Len ya dogara sanda ya matse ƙafafu yana cewa, "Maryam, 'yata, ba ni wuri." Ga ƙarti uku sun zuba wa burushina ido, yana ɗiga a kan kafet. Nan wayata ta hau ruri, garin sauri na danna ta a speaker. Gwaggo ce, mai zama a unguwar Peckham: "Ke Maryam! Wa ya kama ki? Ga ni cikin bas da takalmi wari-wari, uwarki can tana ta kuka an cika gida!"

Gary ba ya jin Hausa, amma ya gane. Fuskarsa ta yi ja, ya zare tutar daga kafaɗa ya dunƙule ta. Ya ce, "Babu mai taɓa ki a gidan nan. Ke ai daban ce, ba da ke muke ba. Sauran muke nufi." Ya ɗan sosa ƙeya. "Za ki iya zuwa ran Asabar? Baba ba ya yarda kowa ya yi masa wanka sai ke, mu kuma muna da wata zanga-zangar."

Na ce zan zo. Ban dai gaya masa cewa ni da sauran nan layi ɗaya muka bi a filin jirgi ba.

Yanzu a dangi sunana Shahidar Banɗaki. Abin da na koya kuwa shi ne, in tsoro ya sake kama ni, zan tabbatar ajalin ne ya zo kafin in nemi gafarar surukan yayata, kuma ba zan ƙara ɓuya a ɗakin da kowa zai nema ba.